Littafin da Babanki Ya Tafi da Shi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Zuwa gare ki ɗiyata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da kakarki Inna da duk mutanen gida a Bauranya. Allah ya tsare ki a tafiyar da za ki yi ranar Asabar, ya sauke ki Katsina lafiya, ya sa ki shiga makarantar nan a sa'a. Gwaggonki Hure ta shigo Kankia kasuwa, ita zan ba wannan saƙo. A cikin ledar akwai yaji da ƙuli-ƙuli da dogayen riguna biyu da na ɗinka maki. Abin da ke naɗe cikin ɗankwali kuwa, kada ki kwance shi sai kin gama karanta wannan.

Yau kwana tara da kika fita daga gidan nan. Kin tsaya bakin ƙofa da jakarki kika ce, "Anti, ki riƙe kayanki. In an yi hutu Bauranya zan riƙa sauka." Ni kuma na ci gaba da taka keken ɗinki kamar ban ji ba. Na ji. Layi ɗaya na yi ta ɗinkawa ina warwarewa har la'asar. Kin san ba ni iya kallon idonki in yi doguwar magana, shi ya sa na ɗauki biro. Ba labari zan ba ki ba, laifuffukana zan faɗa maki, don ki san inda na taka na zame.

Na auri babanki ina da shekara goma sha takwas, kaina cike da littattafan soyayya. Ina da su cikin kwali ƙarƙashin gado, wasu har bangonsu ya fita. A cikinsu miji kan dawo daga tafiya ya tsaya yana kallon matarsa har shayinsa ya huce. Na zaci haka aure yake, kuma da aka ce mani soja ne, sai na ƙara mashi tsawo da murya a raina tun kafin in gan shi. Sai ga mutum gajere mai yawan dariya, wanda in ya zo hutu sai ya fara shiga ɗakin mahaifiyarsa Inna, ya zagaya gona ya ga gero, ya leƙa garke, sannan ya ɗaga labulena ya ce, "Mai littafi, akwai ruwan wanka?" Na yi haƙuri da Inna, na yi haƙuri da gero. Da aka haife ki ne haƙurin ya ƙare.

Ke ce 'yar fari, kuma kin san al'adarmu: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi mashi wasa gaban mutane. Uba ma haka ake so ya yi. To babanki ya yi yawo cikin ƙabilu, ya zubar da wannan kunyar a hanya. Yana sauka daga kan babur zai ce, "Ina take?" Ya ɗora ki a wuya ya bi gari da ke, yana kiran sunanki da ƙarfi har tsofaffi suna toshe baki. Inna takan ce, "Kai dai bariki ta lalata ka. Sauke ɗiyar nan, mutane na kallo." Ya ce, "Su kalla, Inna, ai ba aro na yi ba." Ni ina ɗaki ina jin su, zuciyata tana tafasa. Ina jin kunyar rubuta wannan, amma gaskiya ce: na yi kishi da jaririya, kuma jaririyar tawa ce.

Zuwansa na ƙarshe kina da shekara biyar. Kwana shida ya yi. Ya kai ki Kusada kallon kasuwa, ya auna ƙafarki da igiyar rama ya sa a aljihu, ya ce zai sayo maki takalmi. Ni atamfa ya kawo mani, mai kyau ce, amma miƙo mani ya yi kawai ya ce, "Ga wannan." Babu wata kalma a kai. Ranar da zai koma, da hantsi, na kwanta na buɗe littafi na rufe fuskata da shi. Ya shigo ya ce zai tafi. Na ce Allah ya kiyaye, ban sauke littafin ba. Ya tsaya jim, sai ya zare shi daga hannuna ya ce, "Bari in tafi da shi in ga mene ne a ciki da ya fi ni." Ya cusa a aljihun wando ya fita yana dariya. Ina jin ku a ƙofar gida, ke kina kuka, Inna tana addu'a. Na ce a raina sai ya dawo ya lallashe ni, kamar yadda ake yi a littafi. Na ji tashin babur. Ban fito ba.

Ɗiyata, duk fushin da kike yi, in mutum zai yi tafiya ki fito ki raka shi bakin ƙofa. Ki yi fushinki bayan ya dawo. Tsakanin gadona da ƙofar gida bai fi taku ashirin ba, shekara goma sha uku ke nan ina auna shi.

Laifi na biyu ya fi wannan daɗewa. Tun da aka yaye ki Inna ta ɗauke ki zuwa ɗakinta, kamar yadda ake yi. Da babanki ya rasu na gama takaba, babana ya zo mayar da ni Kankia. Inna ta kira ni ta ce, "Binta, in kina son tafiya da ɗiyarki, ba ni hana ki." Ta faɗa har sau biyu. Na sunkuyar da kai na ce, "Ai taki ce, Inna." Matan gida suka yi ta yabona, wai ga mai kunya, ga 'yar mutunci. Ba kunya ba ce. Ba na iya kallon fuskarki ne, don duk wanda ya shigo gaisuwa sai ya shafa kanki ya ce, "Allah sarki, 'yar gatan marigayi." Ba wanda ya ce mani matar da marigayi yake so. Na fake da al'ada na bar ki, sannan na zo ina jin haushi kina kiran kakarki Inna, ni kina ce mani Anti. Wa ya koya maki? Ni ce, da na tafi.

Al'adarmu tana da kyau, ban ce ki raina ta ba. Amma in za ki yi abu ki ce don kunya ne, ki fara tambayar kanki ko akwai wani abu a ƙarƙashi. Mutane za su yaba maki, ke kuwa kin sani.

Da kika dawo wurina don shiga sakandare, kin zo da hotonsa, wanda yake sanye da kaki ya karkata hula. Kika jingina shi kan taga. Kullum da safe kafin ki ɗauki jaka sai ki ce mashi, "Baba, na tafi." Ni da na tashi na dama maki koko, na goge maki hijabi, sai in samu "Anti sai na dawo" daga tsakar gida, kina tafiya kina faɗa. Kin tuna ranar da kika dawo ba ki ga hoton ba, na ce ƙura ke ɓata shi shi ya sa na adana? Ba ƙura ba ce. Kin yi kwana uku ba ki ci abincin kirki ba kafin in fito da shi. Na kasa gane cewa shi wanda ya mutu ba ya sa ki wanke-wanke, ba ya yi maki faɗa kan dawowa a makare, dole ya fi ni daɗin gaisarwa. Kada ki taɓa yin gasa da mamaci. Ba ya kuskure, ba ya tsufa, kuma bai san ana gasar ba.

Sai shekarar da malaminku na tarihi ya haɗa ku aikin nan. Ya ce ana taron tunawa da 'yan mazan jiya a manyan birane, amma mu nan ba mu ma san ko su wa muka rasa ba. Kuka ɗauki littafin rubutu, ku goma sha wani abu, maza da mata, kuka bi unguwannin Kankia, kuka je Kafinsoli, kuka shiga Kusada har ƙauyen Boko, gida gida, kuna tambayar sunan duk sojan da ya tafi bai dawo ba, da abin da danginsa ke tunawa da shi. Kin dawo ƙafafunki fari fat, kina ba ni labarin wata tsohuwa da ta fito maku da kofin silba na ɗanta, ta ce ba ta bari kowa ya sha ruwa da shi. Sannan kika buɗe sabon shafi kika ce, "Anti, saura namu. Me kike tunawa da Baba?" Na ce, "Ki je ki tambayi Innarki, ita ta haife shi." Kika rufe littafin a hankali. Kin bi gidaje arba'in an buɗe maki baki, a gidanku aka rufe.

Ranar taron da kuka shirya a makarantarku kin ce in zo, an ajiye mani kujera. Na ce ina da ɗinkin biki. Abin da ba ki sani ba, na je. Na ja hijabi na tsaya bayan katangar makaranta, inda ta rushe, kusa da mai sayar da rake. Na ga an sauke Alƙur'ani. Na ga tsofaffin sojoji huɗu cikin kakinsu da ya koɗe, ɗaya yana busa begila numfashi yana yanke mashi. Na ga kun jeru cikin fararen kaya kuna kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kanki kika kira sunan babanki, muryarki ba ta yi rawa ba, kika ce, "Ni ɗiyarsa ce. Kakata ta ce yana son fura mai tsami, kuma bai taɓa wuce yaro bai yi mashi wasa ba." Aka ce mahaifiyar marigayi ta miƙe, Inna ta miƙe da sandarta, mata suna share hawaye. Kujerar da ke gefenta ba kowa. Maimakon in zagaya in zauna a kai, sai na tsaya ina cewa a raina: kakata ta ce, kakata ta ce. Ni fa? Ni na san yadda yake son furar, ni nake dama ta. Na riga ki isa gida. Kika shigo fuskarki tana haske, kina son ba ni labari, na tare ki da faɗan kwanukan da kika bari ba ki wanke ba.

In aka ajiye maki kujera, ki je ki zauna. Kada ki ƙi zuwa sannan ki zargi mutane da mantawa da ke. Na yi haka a wannan rana, na kuma yi haka a yawancin rayuwata.

Yanzu ga maganar da ta raba mu. Kin zo kin ce bana ƙungiyarku ta matasa za ta shiga babban taron Katsina, an zaɓe ki cikin waɗanda za su yi magana a madadin 'ya'yan waɗanda suka rasu, kuma an ce kowa ya zo da wani abu na mahaifinsa. Kika tambaye ni ko ya bar wani abu da hannunsa ya taɓa. Na ce babu, an raba komai. Kika je Bauranya, Gwaggo Hure ta ce maki, "Yo ba ga littafi ba? A gabana Inna ta miƙa mata." Kika dawo kika tsaya kaina.

"Anti, ina littafin?"

"Wane littafi?"

"Wanda ya dawo cikin akwatin Baba."

"Nawa ne. Tun kafin ki yi wayo nake da shi."

"An ce akwai rubutunsa a ciki."

"In ma akwai, ina ruwanki?"

Da ruwanki. Ga yadda aka yi.

Ina cikin takaba wani abokin aikinsa ya kawo akwatinsa. Aka shimfiɗa tabarma ƙarƙashin dalbejiyar tsakar gida, baffanninki suka buɗe gaban kowa. Agogo, tocila, carbi, riguna biyu, da jan takalmi ɗan ƙarami da igiyar rama ɗaure a jikinsa. A ƙasa sai ga littafina, ya kumbura don ruwa ya taɓa shi. Baffanki babba, Sule, ya juya shi, ya leƙa bangon baya, sannan ya ba Inna. Inna ta ce, "Wannan tarkacen Binta ne," ta miƙo mani. Na shige ɗaki da shi. Na ga rubutun biro ya cika cikin bangon da farar takardar ƙarshe. Na ce yau ga wasiƙata ta zo, irin wadda soja ke barin wa matarsa, wadda na karanta irinta sau ɗari. Na fara karantawa, sai na ga da sunanki ya fara.

Duka naki ne. Ranaku daban daban ya yi shi, wani wurin biro baƙi, wani shuɗi. Yana gaya maki sun ga raƙuma, an yi ruwa da ƙanƙara, ya samo takalmin. Ya ce ki riƙa cin tuwo ki daina tsince wake. Ya ce ki gaida Inna. Na ƙirga sunanki sau goma sha ɗaya. Nawa ko sau ɗaya babu. Abin da na samu layi uku ne a can ƙasa: "Ki ce wa mai littafin nan na kai shafi na sittin, har yanzu saurayin bai buɗe baki ba, sai kallo. In ni ne da tuni na tura kawuna. Ki ce mata in na dawo za ta ƙarasa mani, karatun yana yi mani wuya."

Na jefa shi ƙasan adaka na kulle. Na ce ko a mutuwa ke ya zaɓa. Duk shekara nakan fito da shi in karanta layukan nan uku, in tsallake naki.

Jiya da Hure ta aiko cewa za ta shigo, na fito da shi na karanta duka, tun daga sama. Yau da ta zo na nuna mata, na ce, "Dubi, ko sunana bai iya rubutawa ba." Ta kalle ni ta ce, "Ke Binta, karatun nan naki bai ƙara maki komai ba. Wa ke buɗe akwatin mamaci? Ba yayyensa ba? So kike ya rubuta maki zancen ɗaki Yaya Sule ya karanta gaban Inna? Mutumin da ko takardar asibiti da ƙyar yake haɗa ta, ya zauna cikin daji yana tauna littafin mata har shafi sittin, don wa?" Na ce mata ai da ya sa ko harafin farko ne. Ta ce, "Allah ya shirye ki," ta ɗauki mayafinta ta tafi cefane.

Wataƙila Hure ta yi gaskiya. Ba zan yi maki ƙarya in ce kishin ya fita ba. Ko yanzu da nake naɗe littafin, sai da ya motsa, don na san in kika karanta za ki ƙara son shi, kuma ni ce na hana ki shekara goma sha uku. Amma na gane abu ɗaya: saƙo ya ba ki ki kawo mani, ni kuma na tare saƙon a hanya, na hana ki naki, na hana kaina jin nawa daga bakinki. Ki karanta littattafai in kina so, suna rage zaman kaɗaici. Kada dai ki auna mutum mai rai da su. Ki duba abin da ya yi da ƙafarsa da hannunsa, ko da bakinsa bai iya zance ba.

To ga shi nan cikin ɗankwalin. Naki ne, ba aro ba. Bangon ya yi laushi, ki sa shi cikin leda. In kin ga dama ki karanta a gaban taron, har da layukan ƙasa, ban hana ba. In sun yi dariya a wurin kawu, ki bar su su yi, babanki ya fi son dariya da kuka.

Ranar taron ki karya kumallo sosai, tsayuwar tana da tsawo. An ce ana harba bindiga sama, ki sani tun yanzu don kada ki firgita. Za ki ga 'ya'yan manyan hafsoshi a inuwa kan kujeru masu laushi, ku kuna rana. Kada ki bari wannan ya cinye maki ranar, jinina ne a jikinki, na san inda zai ja ki. In aka yi shirun nan na minti ɗaya, ki yi wa babanki addu'a, ki haɗa da ɗan tsohuwar nan mai kofin silba, da waɗanda ba wanda ya zo dominsu. In kin ga wata mace ta raɓe a baya ta ja hijabi, ki je ki gaishe ta, ki tambaye ta wa ta rasa.

A makaranta ki riƙe salla, ki zaɓi ƙawaye a hankali, kada ki kwana da yunwa don jin nauyin tambaya. Ki riƙa kiran Inna a waya ko ba ta ji sosai, muryarki take so. Ta riƙe ki lokacin da ni na sake ki, ban taɓa yi mata godiya ba, zan je in yi.

Maganar hutu kuwa, ba zan ce dole ki sauka Kankia ba, ban da bakin faɗin haka. Amma ranar Asabar motarku ta nan za ta bi. Zan fito bakin titi wajen tasha tun da safe in tsaya. In kin ce direba ya tsaya, to. In ba ki ce ba, zan ga wucewarki, kuma wannan karon dai na fito.

Allah ya jiƙan babanki da abokan aikinsa, ya haskaka kabarinsu. Allah ya tsare ki a hanya da masauki, ya kare ki daga sharrin mutum da na zuciya, ya ba ki ilimi mai amfani, ya sa ki fi ni sauƙin rai. Ki yafe mani.

Shekara goma sha takwas ina ce maki "ke". Shi ya rubuta sau goma sha ɗaya, bari ni ma in fara nawa.

Hafsatu. Allah ya yi maki albarka, Hafsatu.

Ni ce mahaifiyarki,
wadda kike ce wa Anti.